Ranar da Na Farke Sunan Bahago

Daga gida, ranar Laraba

Ɗana Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na walda a can madatsar ruwa. Mu nan da sauƙi. Babanku jininsa ya ɗan sauka. Likita ta ce ya rage gishiri ya rage kallon ƙwallo, ya ce gishirin zai gwada. Yayarka cikin ya shiga wata bakwai, ƙafafunta ne ke kumbura, mijinta kuma mura. Kakarku tana ci tana sha, amma ba ta gane kowa sai ni. Ni idon hagu ne, in na daɗe a kan keken ɗinki sai ya yi ta ruwa. Kada wannan ya dame ka.

Ban kira ka ba don ka ce wurinku babu sabis sai Lahadi in kun shiga gari, kuma wayar gidan nan kullum tana aljihun babanku, ka kuwa san kunnensa. Shi ya sa na ba direban motar simintinku wannan takarda. Ka yi haƙuri da rubutun, duk manyan baƙaƙe ne. A bayan rigunan ƙwallo na koye su, a can kuwa babu ƙanana.

Auta, abu ne ya tsaya mini a ƙirji. Jiya Talata Mai Makulli ya kawo buhun wankin kulob kamar kullum. Ka san shi, tsohon nan mai kula da ɗakin kayan 'yan wasa, wanda ya samo mini aikin nan kana goye. Ya zazzage rigunan a ƙofar ɗakin ɗinki, sannan ya zaro wata leda daga ƙarƙashin hammatarsa. Riguna uku ne a ciki, duk lamba tara: ta gida, ta waje, da ta ajiya.

Ya ce, "Uwar ɗakina, a farke sunan, a bar lambar."

Na ce, "Wane laifi haruffan suka yi?"

Ya ce, "Ni dai saƙo aka ba ni." Ko shayin da na saba zuba masa bai tsaya ya sha ba.

Shekara ashirin da uku ina wanke rigunan nan ina ɗinka musu sunaye, na san abin da wannan ke nufi. In aka ce a farke suna a bar lamba, an sayar da yaro ke nan, saura sanarwa. Tun da mai kamfanin fentin nan, wanda kuke kira Dillali, ya sayi kulob, suna goma sha ɗaya na farke a shekara biyu. Na farke na gola, na farke na kyaftin, na farke na 'yan biyun nan masu tsaron baya a rana ɗaya. Amma Bahago! Yaron da ya zo mana yana ɗan shekara goma sha bakwai, rigar ta yi masa yawa sai da na rage ta a kafaɗa. Har yau in ya gan ni a bakin fili sai ya durƙusa. Ni ban san dokar ƙwallo sosai ba, amma babanku ya ce cikin ƙwallo ashirin da ɗaya da muka ci bana, sha huɗu ƙafar hagun yaron nan ce. Da shi ɗin ma muna na uku daga ƙasan teburin gasa. To in babu shi fa?

Na zauna da reza na farke su. Na zuba haruffan a gwangwanin nan da nake tara su, wanda kuka riƙa yi mini dariya ina jera su a tabarma ina haɗa baƙi. Ina cikin yi babanku ya leƙo.

"Me ake farkewa?"

Na kifa rigar na ce, "Ɗinki ne ya karkace."

Ya ce, "A kulob ɗin nan komai ya karkace, har zare." Ya wuce yana tsaki.

Ban faɗa masa ba. Don Allah kada ya ji daga bakinka, ka san jininsa. Na faɗa maka ne don na rasa wanda zan faɗa wa, kuma na san yadda kake son yaron. Ka riƙa sa gilashin nan in kana walda, ido ba a sayen sabo.

Mahaifiyarka


Daga madatsar ruwa, ranar Litinin

Inna,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ni ranar Juma'a. Ina lafiya, sai zafi da ƙurar dutse. A gaida Baba da Yaya da mijinta, a riƙe mini hannun Kaka. Idon nan ki je a duba shi, ki daina cewa da sauƙi.

Inna, na karanta maganar Bahago a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ranar ko abinci ban ci ba. Abokin aikina ya ce wa ya mutu, na ce kulob ne, ya ce ai wannan an daɗe da yin ta'aziyyarsa.

Dillalin nan ba ƙwallo ta kawo shi ba, kasuwa ya zo ci. Ranar da ya karɓi kulob ina wurin, da kunnena na ji ya ce cikin shekara uku za mu ɗauki kofi, zai rufa wa 'yan kallo rumfa, zai buɗe makarantar yara. Me muka gani? Ya shafa wa ƙofar fili fenti, ya rubuta sunan kamfaninsa da haruffan da suka fi na kulob girma. Wurin zaman Baba har yau in ana ruwa sai ya riƙe lema. Koci uku a shekara ɗaya. Duk wanda ya fara iya taka leda sai a sa shi a mota, a kawo mana waɗanda surukinsa ya kwaso: ɗan gaba mai tumbi kamar ya haɗiye ƙwallon, gola mai tsoron faɗuwa ƙasa. Ya sayar da sa ya sayo akuya, akuyar ma gurguwa, sannan ya hau rediyo ya ce mu yi haƙuri ana gini. Mu ma gini muke yi a nan, Inna, ban taɓa ganin ana ɗora bango ana zare bulon ƙasa ana sayarwa ba.

Ban iya yin shiru ba. Jiya Lahadi da muka shiga gari na sa maganar a shafin magoya baya da nake gudanarwa a waya, wanda mutum dubu tara ke bi. Kada ki tsorata, ban ambace ki ba ko kaɗan. Cewa na yi wata majiya ta tabbatar mini an farke sunan Bahago daga riguna uku ranar Talata. Na sa haka ne don kada a ce shaci-faɗi nake yi. Baba kuma wayarsa ba ta buɗe irin wannan, ba zai gani ba, na kiyaye abin da kika ce. Kafin mu hau mota mu dawo, mutum ɗari shida sun tofa albarkacin bakinsu. In jama'a suka tashi kafin a sa hannu, wataƙila ya ji kunya ya fasa. Wata rana za ki ce gara da kika gaya mini.

Ɗanki, Auta


Daga gida, ranar Talata

Auta,

Kakarku lafiya. Yayarka lafiya. Babanku ba lafiya, yau kwanansa takwas a kwance.

Washegarin da na rubuta maka waccan hankalina ya ƙi kwanciya, na sake rubuta 'yar gajeruwa: kada ka faɗa wa kowa, ba babanku kaɗai ba, kowa. Na kai gareji aka ce direba ya riga ya tashi, sai wani satin. Tana nan a ƙarƙashin keke har yanzu. Laifina ne, na ɗauka ba sai na faɗa ba. A gidan nan ka tashi, ka ga riguna suna shiga suna fita, ka taɓa jin labarin kulob ya fita ta ƙofarmu?

Ka ce ba ka ambace ni ba. Riguna uku, ranar Talata. Auta, mutum nawa ne a duniya suka san uku ne, suka san Talata ce? Sakataren kulob da ya ba da umarni, Mai Makulli da ya kawo, sai ni. Da ma sunana ka rubuta ya fi, da ba a taɓa wani ba.

Ka ce babanku ba zai gani ba. Mai aski ya karanta masa tun safiyar Litinin, kansa rabi a aske. Haka ya taso ya shigo, ya kifa tsohuwar hularsa mai launin kulob ya nufi ƙofar fili. An ce mutane sun fi ɗari uku, suna dukan ƙofar nan mai sabon fenti suna cewa Dillali ya sauka. Wani ya watsa mata baƙin mai. Babanku bai jefi kowa ba, tsayuwar rana ce ta kayar da shi, masu shago biyu suka riƙo shi zuwa gida. Likita ta yi mini faɗa kamar ni na tayar masa da jinin. Ba ta kuwa yi ƙarya ba.

Talata Dillali ya hau rediyo ya ce ƙarya ce, aikin maƙiya ne, Bahago ɗansa ne, babu inda za shi. Laraba sai ga Mai Makulli da ledar nan. Ya ajiye ya ce, "An ce a mayar." Bai kalle ni ba, ban kalle shi ba. Na ciro haruffan daga gwangwani, na bi ramukan allurar farko ɗaya bayan ɗaya don kada a gane. Ranar Asabar yaron ya shiga fili da sunansa a baya, aka yi ta tafi, ya ci ɗaya, aka ci mu uku. Hannuna ne ya ɗinka musu ƙaryar, Auta.

Jiya sakatare ya kira Mai Makulli ofis. Mai shara tana wurin, ita ta ba ni labari. Ya ce masa ko shi ne ko mai wanki, ya faɗi gaskiya. Tsohon ya ce, "Matar nan shekara ashirin da uku ko launin safa ba ta taɓa faɗa wa kowa ba." Aka ce to kai ne ke nan.  Ya kwance makullan daga ƙugunsa ya ɗora a kan tebur. Shekara talatin da ɗaya yana riƙe da su.

Da yamma ya biyo ta nan ya karɓi buhun wankin, don nasa ne ba na kulob ba. Na zuba masa shayi. Ya ce, "Yaya Auta? Yana can yana walda?" Na ce yana can. Ya ce, "Allah ya yi masa albarka, ya iya rubutu." Iyakar abin da ya ce ke nan, ya shanye shayinsa ya tafi. Wallahi da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Ban san abin da zan yi ba. Ka rubuto.

Mahaifiyarka


Daga madatsar ruwa, ranar Asabar

Inna,

Na ji ciwon Baba, Allah ya ba shi lafiya, kuma na ji abin da ya sami Mai Makulli. Ban yi nufin haka ba, Allah ya sani. Cewa kika yi kada Baba ya ji, ni iyakar abin da na fahimta ke nan.

Ki saurare ni, kada ki je ofishin nan. Zuwanki ba zai dawo da shi ba. Dama neman hanyar korar tsofaffin ma'aikata suke yi. Sun kori mai yankan ciyawa, sun kori direban bas, da ba wannan ba da sun samo wani dalilin. In kika je, mutum biyu za a rasa maimakon ɗaya. Keken nan na kulob ne, kuma da shi kike ɗinkin unguwa. In suka ɗauke fa? Laifin ba naki ba ne, ba nawa ba ne, na wanda ya mayar da kulob ɗin gari kantinsa ne.

Ni ma ba daɗi nake ji ba. Tun da Bahago ya buga da suna a bayansa na zama abin dariya. Auta Mai Majiya suke kira na. Wani ya ce in koma walda, ita ma Allah ya sa ba da miyau nake liƙawa ba. Mutum sama da dubu sun bar shafin, wasu har kirari suke yi wa Dillali. Wannan shi ya fi ƙona mini rai, ana sayar da su suna tafi.

Abu ɗaya zan roƙe ki. In rigunan sun zo wanki, ki sa Yaya ta ɗauki hoton bayan lamba tara da wayarta, kusa-kusa, inda allura ta bi sau biyu. Kowa ya gani zai san gaskiya na faɗa. Ba zan ce daga ina ba.

Ɗanki, Auta


Daga gida, ranar Alhamis

Ɗana Auta,

Na san ka jira sati uku. Da gangan na yi shiru, don abin da zan rubuta a lokacin ba na uwa ba ne.

Babanku ya tashi, yana fita ƙofar gida. Yayarka ta yi nauyi, da ƙyar take sa takalmi. Kakarku jiya ta tambayi inda kake, ka ga har ita. Idona na je an duba, an ce in huta da ɗinki. Zan huta.

"Ba zan ce daga ina ba." Sau uku na karanta layin nan ko na yi kuskure, ka san karatuna. Ban yi kuskure ba. Ban nuna wa yayarka takardar ba.

Ba ka buƙatar hoto yanzu. Ka dai ji an sayar da Bahago ranar da za a rufe kasuwar 'yan wasa, tare da ɗan tsakiyar nan mai dogon wuya. Mai aski ya ce shafinka ya cika, har waɗanda suka zage ka suna ba ka haƙuri. Barka. Rigunan sun sake dawo mini, ƙanin matar Dillali ya kawo, shi aka ba makullan. Da na sa reza a ta gida sai yadin ya yage. Ya gaji da huji.

Washegari na wanke duka, na goge, na ninke su bisa lamba, na ɗauka da kaina zuwa ofis. Shekara ashirin da uku ban taɓa hawa benen nan ba. Hoton Dillali a bango ya fi na kofi ɗayan da muka taɓa ci girma.

Sakatare ya ce, "Mama, lafiya? Ai da kin aiko."

Na ce, "Maganar da ta fita, daga ɗakina ta fita. Ni na rubuta wa ɗana. Tsohon nan bai faɗa wa kowa komai ba."

Ya daina danna wayarsa ya dube ni. "Ke kin iya rubutu?"

Na ce, "A rigunanku na koya."

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba ma, shi ya sa ta fi ciwo. Ya ce na kyauta da na zo, amma makulli an riga an ba wani, bakin alƙalami ya bushe. Ya ce ni ma dama za a sanar da ni: daga wata mai zuwa riguna daga kamfani za su riƙa zuwa da lamba a manne, babu suna, wanki kuma injin otal ɗin oga zai yi. Ya ce, "Mama, sa suna ɓata zare ne. Wa ya san wanda zai kai ƙarshen kaka?" Jibi Asabar za a zo a ɗauki keke.

Ka ce mutum biyu za a rasa. Ka yi gaskiya, kai kullum gaskiya kake yi. Amma da na sauko daga benen nan na iya kallon mai gadi a ido mun gaisa.

Na faɗa wa babanku komai. Ya kalli igiyar shanya, babu ko safa a kanta. Can ya ce, "Shekara ashirin da uku kina sanin wanda za a sayar kafin ni?" Na ce e. "Har lokacin gola?" Na ce da kwana tara. "Kina kallona ina musu da mutane a wurin mai aski cewa babu inda za shi?" Na ce ina kallonka. Ya girgiza kai ya ce, "Ashe duk kulob ɗin ke kaɗai ce mai tsaron gida." Sannan ya tambaye ni ina hularsa, akwai wasa ranar Asabar. Na ce mutumin da zai aiko a ɗauki kekena a ranar, shi za ka je ka cika wa fili? Ya ce, "Na riga shi zuwa filin nan, kuma ina zaune zan ga fitarsa." Muna na biyu daga ƙasa. Ban hana shi ba, na dai sa masa maganinsa a aljihu.

Ka nemi hujja. Ka zazzage ambulan, haruffa shida za su faɗo, da guntayen zare a jikinsu. Na rigar da ta yage ne. Ka ajiye, naka ne. Kada ka ɗauke su hoto.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Mai Makulli zai bar garin. 'Yarsa ta ce ya koma wurinta, shi ma ya ce ba zai iya zama a ɗaki yana jin ihun fili ta taga ba. Juma'a ta sama zai bi motar safe. Na je na ba shi haƙuri, ya ce babu komai, ya tambaye ni ko sabon ya san ba a shanya takalman yara a rana, fatar tsagewa take yi. Na ce zan aika a gaya masa. Ban aika ba, ba ni da wanda zan aika.

Haƙurina ya karɓa, amma ba nawa ne ya rage ba. Ka rubuta wa mutum dubu tara, yanzu ka rubuta wa mutum ɗaya. Ba a waya ba, a takarda, da hannunka, ka sa sunanka a ƙasa. Kada ka ce wata majiya, kada ka ambaci Dillali ko sau ɗaya, ka faɗi abin da kai ka yi. Tsohon bai iya karatu ba, ni zan karanta masa, don haka ka yi manyan baƙaƙe.

Direba zai iso ku Litinin ya juyo Laraba. Na roƙe shi ya tsaya a kanka har ka ba shi. In ta wuce Alhamis, Auta, babu wanda zan karanta wa.

Mahaifiyarka